Yadda A Ke Haɗa Ɗan Jirgin Yaƙi Na Roba

A ƙasashe da yawa, kamar su Ingila da Amurka da Japan, akwai wani aikin hannu wanda yara da manya su kan yi in sun sami sarari. Mutum ya kan sayi ɗan kwali mai hoton jirgin sama a bayansa. Wanda bai sani ba sai ya ce jirgi ne ƙerarre a ciki. In ya buɗe kuwa, ba abin da zai tarar sai 'yan gutsattsarin roba, da takarda mai zane-zane, da wata 'yar takarda mai tambura. Shi ne zai yanko su, ya manna, ya shafa fenti, har jirgi ya fito. Jirgin nan ba ya tashi, ba ya ƙugi. Siffa ce kurum, amma siffa wadda aka auna, kowace gaɓa tata tana daidai da ta jirgin gaske.

A cikin wannan darasi za mu bi aikin tun daga buɗe kwali har ƙarewa. Jirgin da muka zaɓa shi ne wanda Ingilishi su ke kira Hurricane, watau guguwa. Da dalilin da ya sa muka zaɓe shi.

Jirgin da ya bi ta Kano

Kamfanin Hawker na Ingila ne ya ƙera Hurricane, wani gwani mai suna Sydney Camm shi ya tsara shi. Ya fara tashi ran 6 ga Nuwamba, 1935. Mutum ɗaya ya ke ɗauka, injinsa ɗaya, wanda a ke kira Merlin. Na farkonsu suna da bindiga mai ruwa 8, huɗu a kowane fiffike. Kafin a daina ƙera shi an yi fiye da 14,000. A shekarar 1940, sa'ad da jiragen Jamus suka yi ta kai wa Ingila hari, shi ne ya fi yawa cikin jiragen da suka tare su, ko da ya ke ɗan'uwansa Spitfire ya fi shi suna a bakin mutane.

A cikin watan Yuni na shekaran nan Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi wajen Jamus. Bahar Rum ya zama ba ya ratsuwa, ga shi kuwa Ingilishi suna bukatar jirage a Masar. Sai suka yi dabara. Aka riƙa kwance jiragen, a zuba cikin manyan akwatunan katako, a ɗauko su a jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da a ke kira Gwalkwas a lokacin, Gana ke nan ta yanzu. A can a ke buɗe akwatunan, a ɗaura fikafikai, a gwada inji. Daga nan sai su tashi ayari ayari, wani jirgi mai inji 2 da a ke kira Blenheim yana gaba, shi ne jagaba. Su sauka Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Cadi, su faɗa Sudan ta Janaina da Fashir har Hartum, sa'an nan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta fi mil 3,500, ta kan ci wajen kwana 6. Ka lura, daga Kano zuwa Hartum kusan hanyar da alhazan dā su ke bi a ƙasa ce, su yi wata da watanni. Ayarin farko ya tashi cikin watan Satumba, 1940, kafin 1943 kuwa dubban jirage sun bi ta nan.

To, ka ga ashe jirgin gaske ma a akwati ya zo, gaɓa gaɓa, aka haɗa. Abin da za ka yi bisa tebur, ƙanen aikin Takoradi ne.

Ma'auni

Duba bayan kwalin, za ka ga an rubuta 1:72, ko 1:48. Kada ka wuce wannan sai ka gane shi, don shi ne tushen aikin duka. Ma'anar 1:72 ita ce, kowane inci 1 a jikin siffar daidai ya ke da inci 72 a jikin jirgin gaske. Inci 72 kuwa ƙafa 6 ke nan, watau tsawon dogon mutum. Saboda haka matuƙin da ke cikin kwalin, in da zai miƙe, ba zai wuce inci 1 ba.

Yi wannan lissafi da kanka. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, faɗin Hurricane ƙafa 40 ne, watau inci 480. Raba 480 gida 72, ka sami inci 6 da sulusi biyu, wajen santimita 17. In kuwa kwalinka na 1:48 ne, raba 480 gida 48, ka sami inci 10 cif. Mai koyo gara ya fara da 1:72. Ya fi araha, gaɓoɓinsa kuma ba su da yawa.

Wannan ma'auni ya daɗe. Tun 1936 wani kamfanin Ingila ya fito da jiragen roba na haɗawa masu suna Frog Penguin, a kan 1:72 ɗin nan. A 1942 rundunar ruwa ta Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata siffofin jirage 500,000 da katako, a kan ma'aunin nan dai, a shafa musu baƙin fenti. Ba don wasa ba ne. Da su a ke koya wa soja rarrabe jirgin abokin gāba da nasu, don kada su harbi ɗan'uwa. In aka rataye siffa a nisan ƙafa 35, idon mutum zai gan ta kamar jirgin gaske a nisan ƙafa 2,520, kusan rabin mil. Bayan yaƙi, a shekarun 1950, kamfanin Airfix ya riƙa sayar da nasa cikin 'yar leda a kan sule 2, daga nan ne abin ya bazu cikin yara.

Abin da ke cikin kwali

Za ka ga gaɓoɓin ba a warwatse su ke ba, suna manne a jikin wasu sanduna na roba kamar 'ya'yan itace a reshe. Ga dalili. A masana'anta akwai mazubi na ƙarfe, bango biyu, wanda aka sassaƙa siffar kowace gaɓa a cikinsa. A kan narka roba a tura ta ciki da ƙarfi, ta bi 'yan hanyoyi ta cika kowane gurbi. In ta huce, hanyoyin nan su ne su ke zama reshe. Wanda ya taɓa ganin maƙeran fari suna zubin tagulla ya san irin wannan. Kusa da kowace gaɓa akwai lamba, lambar nan ce za ka gani a takardar bayani.

Saboda haka kada ka tsinke gaɓa sai lokacinta ya yi. In ka tsinke su duka tun da fari, lambobi sun rabu da su, ba ka san ta dama da ta hagu ba. Kada kuma ka murɗe da hannu, sai ta tafi da tsokar gaɓar ta bar rami. Yanke ta za ka yi, ka bar ɗan saura, sa'an nan ka kankare sauran a hankali.

Kayan aiki ba su da yawa. Ka nemi wuƙa ƙarama mai kaifi ko reza, da abin yanke farce, da matsefata don ɗaukar ƙananan gaɓoɓi, da takardar goge katako mai laushi ƙwarai, da tsinken sakace, da robar ɗaure kuɗi, da buroshi 2, ƙarami da matsakaici. Gam da fenti ba kullum su ke zuwa cikin kwali ba, sai ka tambaya. Kafin ka taɓa kome, wanke rassan duka da ruwa mai ɗumi da sabulu, ka bar su su bushe, don wani lokaci akwai maiƙon masana'anta a jikinsu, fenti kuwa ba ya kama maiƙo. Sa'an nan ka karanta takardar bayani tun daga farko har ƙarshe. Yawanci ba magana a cikinta, zane ne da kibiyoyi, ko wanda bai ji Turanci ba yana iya binta.

Gam

Nan ne masu koyo su kan yi hasara, saboda haka ka natsu. Gam ɗin wannan aiki ba irin na takarda ba ne, wanda ya ke shiga tsakani ya bushe ya riƙe. Wannan narka fuskar robar ya ke yi. In ka shafa wa gaɓa biyu ka haɗa, sai fuskokinsu su narke su cuɗanya, in sun sandare sun zama abu guda, kamar yadda mai walda ya ke haɗa ƙarfe. Wannan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma haɗarinsa. Abin da ka manna ya mannu ke nan. In ka zuba da yawa, sai ya ɓullo ta gefe ya ci zanen da ke jikin jirgin. In ka taɓa wurin da yatsa, hoton yatsanka zai zauna a fiffike har abada. Ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya isa wuri mai yawa.

Don haka akwai ƙa'ida guda wadda ba a karya ta: kowace gaɓa, gwada ta a wurinta tukuna ba gam. In ta zauna daram, to. In ta ƙi, nemi abin da ya tokare ka kankare, ka sāke gwadawa. Sai ka tabbata sa'an nan ka ɗauki gam. Ka kuma yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta, don warinsa yana sa ciwon kai, yana kuma kama wuta.

Da mazaunin matuƙi a ke farawa, ko da ya ke shi ne mafi ƙanƙanta. Dalili kuwa, gangar jikin jirgin bango biyu ce, dama da hagu, in ka rufe su ba sauran hanyar da buroshi zai shiga. Ka shafa wa cikin bangayen kore mai toka-toka, allon agogai baƙi, kujera kuwa launin azurfa. In sun bushe ka kankare fenti daga wuraren da gam zai taɓa, gama gam ba ya ratsa fenti. Manna mazaunin a bango guda, ka kawo ɗayan ka gwada, ka dubi jirgin ta gaba ka ga kujera ba ta karkace ba. Sa'an nan ka shafa gam a gefe, ka rufe, ka ɗaure da roba, ka ajiye shi ya kwana. Kada ka yi ta ɗauka kana dubawa. Sauri ya kan haifi nawa.

Da gari ya waye za ka ga layi a gadon bayansa da cikinsa, inda bangayen suka haɗu. Jirgin gaske ba shi da wannan layi, saboda haka sai a goge shi da takarda mai laushi, an jiƙa ta da ruwa. In akwai tsaga, akwai wani abu kamar ƙullu da a ke cikewa da shi, irin wanda masu gyaran jikin mota su ke cike lotsa. Amma ka yi hankali wajen bayan jirgin. Za ka ga wasu 'yan kunyoyi dogaye daga bayan matuƙi zuwa wutsiya. Ba aibi ba ne, kada ka goge su. Wannan sashe na Hurricane, ƙashinsa bututun ƙarfe ne da tsinkayen katako, aka lulluɓe da yadi aka shafa masa magani ya ɗame kamar fatar ganga. Kunyoyin nan tsinkayen ne su ke nunawa ta ƙarƙashin yadi. Ƙira ce ta tsohon yayi ko a zamaninsa, amma ta yi rana: harsashi ya kan huda yadin ya fita, makanikai su yi faci a filin jirgi, ya koma sama.

Fikafikai da ciki

Fikafikan ba su da wuya, amma ido su ke so. In ka manna su, ɗaga jirgin daidai idonka ka dube shi ta hanci. Tsakiyar fiffiken Hurricane a miƙe ta ke, daga nan bakunan su ɗan ɗaga sama kaɗan. Na dama da na hagu su zama daidai. 'Yan fikafikan wutsiya kuma su kwanta sosai, kada ɗaya ya sunkuya. Kana da ɗan lokaci kafin gam ya kama, a cikinsa za ka gyara, ka tokare da akwatin ashana har ya bushe.

Juya shi ka dubi cikinsa. Akwatin nan da ke tsakiyar ciki, mai baki a buɗe, lagireto ne, don injin Merlin da ruwa a ke sanyaya shi kamar na mota. Ramukan nan biyu kuwa nan ƙafafu su ke shiga in ya tashi, suna naɗewa ciki, wajen tsakiya. Ƙafafunsa a tale su ke, shi ya sa ya ke jure saukar fili mai gargada.

Wasu kwalaye su kan zo da gaɓoɓi fiye da bukata, don ka zaɓi irin da ka ke so. A ciki za ka iya samun wata gaɓa kamar maƙoƙo, wadda a ke mannawa a ƙarƙashin hanci. Matatar iska ce. Jiragen da su ke aiki a Ingila ba su da ita. Waɗanda aka aika hamada kuwa tilas a sa musu, don in inji ya shaƙi rairayi ba ya daɗewa. Tana rage masa gudu kaɗan, tana kuma ɓata masa fuska, amma in na hamadar Masar ka ke nufi, sai da ita.

Fenti

Launin jirgin yaƙi ba ado ba ne, ɓuya ce. Na Ingila a 1940, bayansu kore mai duhu ne da ruwan ƙasa, don in abokin gāba ya dubo daga sama ya ga kamar gonaki. Na hamada aka musanya koren da launin rairayi, cikinsu kuma aka shafa shuɗi irin na sararin sama. Takardar bayani za ta nuna maka inda kowane launi ya fara da inda ya tsaya. Ka zana iyakokin da fensir a hankali tukuna.

Fenti iri biyu ne, na mai da na ruwa. Na ruwa ya fi sauƙi, ba shi da wari, da ruwa kuma a ke wanke buroshi. Na mai ya fi kwanciya, amma sai ka bar shi ya kwana kafin ka ƙara wani a kai. Ko wanne ka samu, motsa shi sosai, ka tsinka shi ya yi kamar madara. Kada ka tsinka da abin da masu fentin mota su ke amfani da shi, yana cin roba. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, har ranka ya ɓaci. Kyale shi. Kada ka koma kansa yana ɗanye, sai ka tayar da shi. Bari ya bushe ka yi na biyu, in ta kama ka yi na uku. Shafi 3 marasa kauri sun fi 1 mai kauri nesa, don mai kauri yana cike 'yan layukan da aka zana a jikin jirgin, ya bar shi kamar an tsoma a kunu. Fara da launi mai haske, ka bi da mai duhu.

A ƙasashenmu akwai abu biyu da mai rubuta takardar bayani bai yi tunaninsu ba. Na farko ƙura. Da hunturu, in ka bar ɗanyen fenti a fili, kafin ya bushe ya zama kamar an barbaɗa masa gari. Da ka gama shafi, kife masa ƙwarya ko kwano mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe don iska. Na biyu rana. Kada ka ce za ka shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa, ko ka bar shi cikin mota a rufe. Robar nan ba ta son zafi, fiffike ya kan lanƙwashe, ba ya kuwa komowa daidai.

Farfela baƙa ce, bakin kowane reshenta rawaya, don in tana juyawa mutanen ƙasa su ga iyakarta kada ta sare su. A goshin kowane fiffike, inda bakunan bindigogi su ke, sa ɗan jan fenti. A jirgin gaske ƙyalle ne ja a ke liƙawa don kada ƙura da sanyi su shiga, harsashin farko ya huda shi. A bakin fiffiken hagu ɗiga ja, a na dama kore. Fitilu ne, haka su ke a jiragen sama har yau, da na ruwa ma.

Tambura da ƙarashe

'Yar takardan nan mai tambura, kada ruwa ya taɓa ta sai yanzu. Yanko tambari guda, ka tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan, ka fitar ka ajiye. Jim kaɗan za ka ji yana zamewa bisa takardar. Kada ka ɗaga shi da yatsa, sai ya naɗe. Kai takardar wurin da zai zauna, ka tura shi da jiƙaƙƙen buroshi ya sauka, ka daidaita, ka danna da tsumma mai laushi ruwan ya fita. Ya fi kama wuri mai santsi. A kan fenti mai kaushi iska ta kan maƙale a ƙarƙashi, gefensa ya yi fari-fari, saboda haka gwanaye su kan shafa man ƙyalli tukuna, in sun gama su bi da wanda ba ya ƙyalli. Ka lura tamburan ba iri ɗaya ba ne. Na gefen jiki da'ira ce, ja a tsakiya, sai fari, sai shuɗi, rawaya ta kewaye. Na bisa fikafikai ja da shuɗi kaɗai, an cire farin don kada a hango shi daga nesa.

Murfin gilashin da ke kan matuƙi, kada gam ɗin roba ya kusance shi, balle irin mai kama yatsu nan take. Tururinsu yana sa shi ya yi hazo, ba ya kuwa wankuwa. Farin gam na kafinta za ka sa, ɗan kaɗan, in ya bushe ba a ganinsa. Ƙafafu da farfela da ɗan sandan rediyo da ke bayan matuƙi, su ne na ƙarshe, don in ka sa su da wuri sai sun karye a hannunka wajen fenti. In ka manna ƙafafun, kwantar da jirgin rigingine ya kwana, gobe ka tsayar da shi.

Nemi wurin da rana ba ta bugu, inda hannun ƙananan yara ba ya kai, gama suna iya haɗiye abin da ya ɓalle. Cikin kabad mai gilashi ya fi. In ƙura ta hau shi kada ka goge da tsumma, tsumma ya kan kama sandan rediyo ya tsinke shi. Sa busasshen buroshi mai laushi, ko gashin kaza, ka kaɗe daga hanci zuwa wutsiya.